Kashe Manhajar Rigakafin Kwamfuta na Ɗan Lokaci: Dalilai da Haɗari da Sharuɗɗa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zaga shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ko ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre da hantsi, da wuya ya fito bai ji an ce, "A kashe antibairos tukuna," ba. Mai gyara yakan faɗa wa yaronsa wannan magana kamar yadda tela zai ce a miƙo masa almakashi. Mai kaya kuwa yana zaune a kan benci yana kallo, bai san abin da aka kashe ba, balle ya tambaya ko an sake kunnawa. Sau da yawa mai kayan nan ɗalibi ne da ya zo a saka masa manhajar ƙididdiga domin kundin digirinsa, ko ma'aikaci ne wanda kwamfutarsa ta ƙi karɓar wata manhaja da yake bukata a wurin aiki.

Wannan yanki na Kano ya cancanci a buga misali da shi. A nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988 a kan titin Zariya, a nan kuma Babbar Kotun Tarayya take a kan titin Kotu, ga ofisoshi da makarantu birjik. Ɗalibai da lauyoyi da ma'aikatan lafiya da na gwamnati suna cikin masu shiga shagunan da aka ambata, kuma abin da ke cikin kwamfutocinsu ya fi kwamfutocin daraja nesa ba kusa ba.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana abin da yake faruwa idan an kashe manhajar rigakafi domin a saka wata manhaja ko a sabunta ta, a rarrabe lokacin da yin haka yake da hujja da lokacin da ba shi da ita, sa'an nan a kawo sharuɗɗan da ya kamata a kiyaye idan abin ya zama dole. Jigon bayanin guda ne. Kashewar kanta ba wuya gare ta ba, yaro ma zai iya. Abin da ya kamata a tsaya a tambaya shi ne, wane ne ya nemi a kashe, kuma daga ina abin da za a shigar ya fito.

2. Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita ma'anar kalmomin da za a yi ta amfani da su. Kalmar "manhaja" daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma da can tsarin karatun makaranta take nufi. Yanzu ma'anarta ta faɗaɗa, ta haɗa da jerin umarnin da aka rubuta domin kwamfuta ko waya ta bi ta gudanar da wani aiki. Babbar manhaja ita ce wadda take riƙe da na'urar gaba ɗaya, kamar Windows, sauran manhajoji kuma a kanta suke zama.

"Bairos" kuwa, a bakin masu gyara, suna ne na duk wata muguwar manhaja da aka rubuta da nufin ɓarna ko sata. Masana suna rarrabe su iri-iri. Akwai mai yaɗa kanta daga na'ura zuwa na'ura, akwai mai fakewa a cikin manhajar kirki ta shiga tare da ita, akwai mai leƙen asiri, akwai kuma mai garkuwa da fayiloli, watau ta kulle su ta ce sai an biya fansa. Manhajar da aka yi domin tsare na'ura daga waɗannan ita ce kasuwa take kira "antibairos", a nan kuma za a kira ta manhajar rigakafi, ko mai gadi a taƙaice. "Sabuntawa" ita ce ƙarin gyara da kamfanin da ya yi manhaja yake aikowa lokaci-lokaci domin ya toshe wata kafa ko ya ƙara wani amfani. "Fasasshiyar manhaja" kuwa ita ce ta kuɗi wadda wani ya karya makullinta domin a yi aiki da ita ba tare da an biya ba, watau abin da 'yan kasuwa suke kira "kirak".

3. Asalin Cutar da Rigakafinta

A shekarar 1983 wani ɗalibi mai suna Fred Cohen, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya gwada wata 'yar manhaja mai kwafar kanta cikin wasu manhajoji. Malaminsa Leonard Adleman shi ne ya kwatanta ta da ƙwayar cuta, sunan kuma ya bi ta har yau. Bayan shekara uku, watau a 1986, wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wadda aka sani da suna Brain, wadda ta bi faifan ajiya na wancan zamani ta yaɗu har Turai da Amurka. Kamar yadda su da kansu suka faɗa, sun yi ta ne domin su bi sawun masu kwafar manhajarsu ba izini. Ke nan tun farkon lamarin, cutar kwamfuta da satar manhaja tare suke tafiya. A 1987 manhajojin rigakafi na farko suka fara fitowa kasuwa, ciki har da ta kamfanin McAfee.

Shekaru da yawa sai mutum ya sayi mai gadi dabam ya saka wa kwamfutarsa. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kamfanin Microsoft ya haɗa nasa mai gadin a cikin babbar manhajar, shi ne wanda ake kira Defender. Saboda haka kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko 11 tana da rigakafi tun daga tushe, ba tare da an biya ko kwabo ba. Idan an saka na wani kamfani, Defender yakan ja da baya ya bar masa aikin, idan an cire wancan kuma ya dawo bakin aikinsa da kansa.

4. Yadda Mai Gadin Yake Aiki

Manhajar rigakafi tana gane ɓarawo ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce ta kamanni. Kamfanin yana tara alamomin miyagun manhajojin da aka riga aka sani, yana aiko da sababbi kullum, ita kuma tana auna kowane fayil da su, kamar mai gadin da aka ba hotunan ɓarayin da aka taɓa kamawa. Ta biyu ita ce ta zato, watau ta dubi ginin fayil, in ta ga ya yi kama da na miyagu ko an nannaɗe shi don a ɓoye cikinsa, sai ta yi shakka. Ta uku ita ce ta lura da hali. Tana barin manhaja ta fara aiki tana kallonta, in ta ga ta kama kulle fayiloli bi da bi, ko tana neman taɓa ma'ajiyar kalmomin sirri, sai ta tare ta.

Sashen da ya fi muhimmanci a wannan bayani shi ne wanda ake kira kariya ta nan-take. Shi ne yake tsaye a bakin ƙofa yana bincikar kowane fayil a daidai lokacin da aka sauko da shi, ko aka kwafe shi, ko aka buɗe shi. Idan mai gyara ya ce a kashe antibairos, wannan sashe yake nufi.

A nan ne matsalar take. Duk manhajar da ake sakawa, ta kirki ce ko ta banza, sai ta nemi izinin mai iko da kwamfutar, ta rubuta fayiloli a cikin ɗakunan babbar manhaja, ta sauya wasu tsare-tsare, wani lokaci ma ta shirya yadda za ta riƙa tashi da kanta duk sa'ad da aka kunna na'ura. Waɗannan ayyuka su ne dai muguwar manhaja take yi. Don haka lokacin saka manhaja shi ne lokacin da mai gadi ya fi saurin yin kuskure, kuma shi ne lokacin da aka fi bukatarsa, domin a sa'an nan ne baƙo yake shiga har ƙuryar ɗaki da yardar mai gida. Wanda ya kashe kariya a wannan lokaci ya aiki mai gadinsa kasuwa ne a daidai sa'ar da baƙon da bai sani ba yake sallama.

5. Kuskuren Mai Gadi

Adalci ne a faɗi cewa masu gyara ba su ƙirƙiri wannan al'ada haka kawai ba. Mai gadi yana kuskure, wani lokaci ma babba. A ranar 21 ga Afrilu, 2010, kamfanin McAfee ya aika da sababbin alamomi waɗanda suka ɗauki wani fayil na Windows XP kanta a matsayin cuta. Kwamfutoci masu yawa a ofisoshi da asibitoci suka shiga mutuwa suna tashi ba ƙaƙƙautawa. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai aibi daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft, har aka soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, bankuna da asibitoci suka tsaya cik a ƙasashe da dama.

Ban da waɗannan manyan misalai, akwai ƙanana na yau da kullum. Manhajar da wani ƙaramin kamfani ya rubuta wadda ba ta yaɗu ba, ko tsohuwar manhajar wata na'urar buga takarda, ko kayan aikin masu gyaran waya waɗanda aikinsu ke nan shiga can cikin na'ura, duk suna iya jawo zargin mai gadi alhali ba su da laifi. Haka kuma idan aka tara masu gadi biyu na kamfanoni dabam-dabam a kwamfuta ɗaya, sukan yi karo da juna, su nauyaya na'urar, su hana wasu manhajoji shiga.

Amma akwai darasi a abin da ya faru a Janairun 2018. A lokacin an gano wasu kafofi a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutoci, waɗanda aka sa wa suna Meltdown da Spectre. Microsoft ya lura cewa gyaran da ya shirya yana karo da wasu manhajojin rigakafi har kwamfuta ta faɗi. Bai ce wa jama'a su kashe kariyarsu ba. Abin da ya yi shi ne ya dakatar da aika gyaran ga kowace na'ura har sai kamfanin rigakafinta ya daidaita manhajarsa. Watau maganin saɓani tsakanin mai gadi da sabuntawa, a mafi yawan lokuta, shi ne a sabunta mai gadin.

6. Fasasshiyar Manhaja

Idan aka koma kasuwa aka duba dalilin da ya sa ake kashe rigakafi, za a ga kuskuren mai gadi ba shi ne babban dalili ba. A rahoton da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018, an ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da aka saka wa kwamfutoci a Nijeriya a 2017 ba su da lasisi, alhali a duniya baki ɗaya kashi 37 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farashin manhaja da dala ake yanka shi, albashi da kuɗin makaranta kuwa da naira ake lissafa su. Fasasshiyar manhaja takan zo da ɗan rubutun umarni, kuma kusan kullum umarni na farko shi ne a kashe antibairos, wai domin zai yi ƙarya ya ce akwai cuta.

Wani lokaci gaskiya ne, abin da mai gadi ya gani makarin makulli ne kawai. To, amma mai saka manhajar ba shi da hanyar rarrabe wannan da wanda aka cusa wa guba, kuma ɓarayi sun san haka sarai. A watan Yunin 2021 kamfanin Avast ya ba da rahoton wata cuta da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye a cikin fasassun wasannin kwamfuta. Ta shiga na'urori kimanin 222,000, tana amfani da ƙarfinsu tana haƙo wa masu ita kuɗin intanet na Monero, har suka tara abin da ya kai dala miliyan 2. Abin lura shi ne yadda take yi. Bayan ta zauna, sai ta share manhajar rigakafin gaba ɗaya, ta hana Windows sabuntawa, sa'an nan ta ɗora alamar tsaro ta bogi a ƙasan allo domin mai kwamfuta ya zaci kariyarsa tana nan. Ke nan wanda ya kashe na minti goma yana iya kashewa ke nan har abada bai sani ba.

Akwai kuma wadda ake kira STOP ko Djvu, wadda tun wajen 2018 take bin fasassun manhajoji tana kulle hotuna da takardun mutane, ta nemi fansa, wadda a da takan kasance dala 980, ko rabin haka in an biya cikin sa'a 72. A Disambar 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya nuna cewa wasu kwafe-kwafen KMSPico, watau manhajar da ake amfani da ita wajen buɗe Windows da Office ba lasisi, suna ɗauke da wata cuta mai suna CryptBot, wadda take kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a manhajar shiga intanet. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Ɗalibin da ya tsira da kuɗin lasisi ya rasa kundin shekara biyu, ko ma'aikacin da aka kwashe masa makullin asusunsa na banki, shi ya san ma'anar wannan karin magana. Ta fuskar doka kuma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa.

7. Batun Sabuntawa

Akwai wata al'ada da take tafiya kafaɗa da kafaɗa da kashe rigakafi, ita ce toshe sabuntawa gaba ɗaya. Wasu suna yi ne saboda tsadar data, wasu saboda tsoron kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wasu kuma domin kada sabuntawar ta gano fasasshiyar manhajar ta rufe ta. Tun daga Oktoban 2003 Microsoft yake fitar da gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma waɗannan ba sa bukatar a kashe Defender, domin kamfani ɗaya ne ya yi su. Idan babbar sabuntawa ta ƙi shiga alhali akwai rigakafin wani kamfani a na'urar, shawarar da Microsoft yake bayarwa ita ce a cire wancan na ɗan lokaci, Defender ya riƙe ƙofa kafin a gama. Ta haka ba a bar gidan ba mai tsaro ko na minti ɗaya ba.

Illar ƙin sabuntawa ta bayyana a ranar 12 ga Mayu, 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Kafar da ta bi, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun ranar 14 ga Maris, wata biyu ke nan kafin harin. A Ingila an soke ganin likita da aikin tiyata kimanin 19,000 a asibitocin gwamnati. Duk wanda ya san yawan jama'ar da suke sammako zuwa babban asibiti irin na titin Zariya zai iya kwatanta abin da wannan adadi yake nufi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ya kamata kuma masu sayen kwamfutoci na hannu su san cewa Microsoft ya daina aika gyaran tsaro ga Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da na'urorin da aka shigar cikin shirin ƙarin wa'adi. Tsohuwar babbar manhaja tare da kariya a kashe, haɗari biyu ke nan a wuri ɗaya.

Har ila yau, ko abin da ya fito daga hannun kamfani na gaskiya yana iya zuwa da guba. A 2017 ɓarayi sun kutsa cikin kamfanin da yake yin manhajar share-share ta CCleaner, suka gurɓata ta, mutane kimanin miliyan 2.27 suka sauko da ita daga inda ya dace. Irin wannan ba ya faruwa kullum, amma ya isa hujjar cewa a bar mai gadi a kan aikinsa ko baƙon sananne ne.

8. Sharuɗɗan Kashewa Idan Ta Zama Dole

Idan duk da haka manhajar da ake bukata ta ƙi shiga, ga sharuɗɗa shida da ya kamata a bi bi da bi.

Na farko, a tabbatar da asalin fayil. A sauko da shi daga shafin kamfanin da ya yi shi ko daga shagon Microsoft, a kuma duba bayanan fayil ɗin a ga ko yana ɗauke da hatimin kamfanin. Fayil ɗin da ya zo a filashin da ya zaga shaguna goma, ko ta wani mahaɗi da aka turo a WhatsApp, bai cika wannan sharaɗi ba, kuma in wannan bai cika ba sauran ba su da amfani.

Na biyu, a karanta abin da mai gadi ya ce, kada a rufe gargaɗin cikin gaggawa. A sabunta alamominsa a sake gwadawa. Ana iya neman ra'ayi na biyu a shafin VirusTotal, wanda aka kafa a Sifaniya a 2004, Google ya saye shi a 2012, yana auna fayil da manhajojin rigakafi kimanin 70. In ɗaya ko biyu ne suka yi zargi, mai yiwuwa kuskure ne. In da yawa ne, magana ta ƙare. Sai dai kada a ɗora takardar sirri a can, domin abin da aka ɗora yana isa ga masu bincike na kamfanoni da dama.

Na uku, a kwafe muhimman takardu zuwa wata ma'ajiya dabam, a zare ta daga jikin kwamfutar kafin a fara. Cuta mai garkuwa da fayiloli tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe.

Na huɗu, a ɗauki mafi ƙanƙantar mataki. Maimakon a kashe kome, ana iya keɓe fayil ɗin nan guda a ce wa mai gadi ya ƙyale shi, bayan an gama kuma a soke keɓewar, domin ba ta sokuwa da kanta. In sai an kashe, to, kariya ta nan-take kaɗai za a dakatar, daga shafin Windows Security. Defender yakan sake kunna ta da kansa bayan ɗan lokaci. Wasu manhajojin, kamar Avast, suna ba da zaɓi na minti goma, ko sa'a ɗaya, ko har a sake kunna kwamfuta, ko har abada. A zaɓi mafi gajarta. Akwai kuma wani makulli da Microsoft ya ƙara a 2019 domin ya hana wata manhaja sauya tsarin tsaro a ɓoye. Duk umarnin da ya ce a buɗe wannan makulli, abin zargi ne.

Na biyar, muddin kariya tana kashe, a cire intanet in saka manhajar ba ya bukatarsa, kada a soka filashi, kada a buɗe wasiƙa ko shafin banki. Amma a sani cewa wannan yana tsare abin da zai zo daga waje ne kawai. In gubar tana cikin fayil ɗin da ake sakawa, cire intanet ba zai hana ta zama ba.

Na shida, da an gama a kunna kariyar nan take, a duba da ido cewa ta kunnu, a sa ta binciki kwamfutar gaba ɗaya. In ta ƙi kunnuwa, ko sabuntawa ta daina shiga, ko na'urar ta kama zafi da nauyi ba dalili, a ɗauka an shigo. Sai a sauya kalmomin sirri daga wata na'ura dabam, a goge kwamfutar a sake ɗora babbar manhaja mai tsabta.

9. Ma'aikaci da Ɗalibi da Mai Gyara

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin nauyi, domin abin da ke cikin kwamfutar ofis amana ce ta jama'a: sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu, bayanan marasa lafiya, takardun shari'a, sakamakon jarrabawa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da take riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma wajabta a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'a 72 idan aka sami kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Saboda haka kashe rigakafi a kwamfutar ofis ba hukuncin mai tebur ba ne. Na sashen kula da na'urori ne, kuma in manhajar aiki ta ƙi shiga, can ya kamata a kai ƙara a rubuce.

Ɗalibi kuwa yana da mafita fiye da yadda ake zato. LibreOffice kyauta ce, tana rubutu da lissafi, tana kuma buɗe takardun Word da Excel. Domin ƙididdiga akwai R da PSPP da jamovi, duk kyauta bisa halal. Windows ɗin da ba a biya lasisinta ba tana ci gaba da aiki tana karɓar gyaran tsaro, sai dai rubutun tunatarwa a gefen allo da rashin wasu 'yan kayan ado, kuma wannan ya fi sauƙi a kan manhajar buɗewa da ba a san wanda ya taɓa ta ba. Kundin bincike kuma a ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a filashi, a kuma akwatin wasiƙar intanet.

Mai gyara shi ma yana da hakki a wuyansa. Wanda aikinsa yake tilasta masa amfani da kayan da mai gadi ba ya so, ya ware musu kwamfuta guda, wadda ba a ajiye takardun kowa a ciki, ba a kuma shiga asusun banki da ita. In ya kashe kariyar kwamfutar mai kaya, ya faɗa masa dalili, ya kunna ta a gabansa kafin ya miƙa. Mai kaya kuma kada kunya ta hana shi tambaya kafin ya bar shago.

10. Kammalawa

An ga yadda manhajar rigakafi take aiki, da dalilin da ya sa takan tare manhajar da ba ta da laifi, da kuma yadda ɓarayi suka mai da wannan rauni hanyar shiga. An ga cewa gyare-gyaren Windows na wata-wata ba sa bukatar a kashe kome, kuma saɓani tsakanin sabuntawa da mai gadi yawanci sabunta mai gadin ne maganinsa. Lokutan da kashewa take da hujja kaɗan ne, kuma duk suna da siffa ɗaya: an san wanda ya yi manhajar, an san inda aka samo ta, an ajiye kwafin takardu, an kuma ƙayyade mintocin. Inda aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, musamman inda fayil ɗin da kansa ne yake roƙon a kori mai gadi kafin ya shigo, to, haƙuri da wannan manhaja ya fi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Allah Ya sa a amfana.